Amsa: Me ke kashe ƙwan LED da wuri?

Malam, ka tambaya me ya sa ƙwan LED ke saurin mutuwa alhali an ce yana daɗewa. Ɓalle farin murfin robar ka duba. Za ka ga ƙananan ƙwayoyi rawaya a kan farantin alminiyam da ke janye zafi. Asalin haskensu shuɗi ne, rawayan sinadarin da aka shafa musu ke mayar da shi fari. Galibi layi ɗaya aka haɗa su, da zarar ɗaya ta ƙone, baƙin ɗigo ya fito mata, sauran duk su ɗauke. A gindi kuma akwai ɗan allon da ke juya wutar gida zuwa irin ta batir. Kafasitarsa, wato 'yar gwangwani mai ruwa a ciki da ke tara wuta, ba ta jure zafi, bushewa take yi. Don Allah kada ka rufe ƙwan cikin gilashin da iska ba ta shiga.