Amsa ga ƙanena na Tudun Wada

Ƙanena, na ga tambayarka. Wai mu da muka zama 'yan Ingila, ina ruwanmu da zancen kuɗin soja, tunda ba mu ake tarewa a hanyar Birnin Gwari ba? Har da ƙarin cewa Hausar ma ta kuɓuce mana. To ga amsa, da Hausar.

Kafin albashi ya iso hannuna an yanke haraji, don haka da ruwana. A Fabrairun 2025 Firaminista Keir Starmer ya ce za a ɗaga kuɗin tsaro zuwa kashi 2.5 cikin ɗari na arzikin ƙasa, kuma daga tallafin ƙasashe matalauta za a ciro, a rage shi daga 0.5 zuwa 0.3. Ministar tallafin, Anneliese Dodds, ajiye aiki ta yi. A watan Yuni kuma ƙasashen ƙawancen tsaro na NATO suka yi alkawarin kaiwa kashi 5 nan da 2035. Duk tsoron Rasha ne, tun da ta afka wa Yukiren a 2022.

A wajen wani suna nan Birmingham, saura ƙiris zumunci ya ɓaci kan wannan. Dattawa suka ce gonar da ba shinge ta awaki ce. Ban musa ba. Na dai tuna musu cewa shirin ESSPIN da ya tallafa wa firamaren Kaduna da wannan kuɗin tallafin aka yi shi. Kai ma shaida ne, ga makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA ga barikin Jaji a kusa da ku, amma a Maris na 2022 aka tare jirgin ƙasan Abuja.

Ka san wa ya goyi bayana? Surukata Baturiya, wadda kuka ce ta raba ɗana da asalinsa, har Inna ta yi shekara ba ta ɗaga wayarsa. Ma'aikaciyar jinya ce. Ta ce a zo a ga tsofaffi kwance a barandar asibiti ana jiran gado, sannan a yi zancen makamai. Baba take ce mini, kuma sai ta rusuna take gaishe ni, abin da rabon da in gani wajen 'ya'yanka tun zuwana na ƙarshe.

Miyar kukarta ce dai har yanzu da saura. Idan ka samu mai zuwa, a aiko mana da daddawa ta Kasuwar Barci.