Tambayi Likita: Gwiwa da idon sawu sun hana ni ƙwallo

Tambaya: Salam likita, shekarata 23, ina buga ƙwallo a filin unguwa kullum da yamma, watan jiya na yi targaɗe a idon sawu mai ɗori ya ja min, to yanzu kuma gwiwar ce ke ciwo musamman in zan hau bene ko in tsuguna, abokai na cewa in sha diclofenac kawai in ci gaba. Ya zan yi? Daga wani matashi a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya shawarar abokan nan ba ta yi ba, diclofenac ɓoye ciwon kawai zai yi, kuma yawan shan sa na jawo olsa yana taɓa ƙoda. Targaɗe jijiya ce ta miƙe ko ta ɗan yage, ba ja take so ba, hutu take so, da ƙanƙara a cikin tsumma minti 15 zuwa 20 a kwana biyun farko, a naɗa bandeji a ɗaga ƙafar. Da alama ka koma fili da wuri kana ɗingishi shi ya sa nauyi ya koma kan gwiwa, ga filayenmu kuma duk ramuka.

Ka ajiye ƙwallo tukuna, ka riƙa gwada tsayuwa da ƙafa ɗaya da atisayen ƙarfafa cinya. Amma fa in gwiwar na kumbura, ko tana maƙalewa, ko tana sulluɓe maka, ka je Asibitin Ƙashi na Dala a duba ka, kar ka tsaya jira. Allah ya ƙara sauƙi.