Amsar tambayar Kawu kan harajin gida a Ingila

Kawu, Allah ya ƙara girma. Kun ce abin ya ɗaure muku kai, yadda mutum zai zauna gidan haya kuma shi za a bi da harajin gidan, mai gida na gefe. Ni ma haka na yi ta mita shekarar da na zo.

Haraji biyu muka fi ji a jikinmu. Na albashi, gwamnatin tsakiya ke yanke shi tun kuɗin ba su shigo hannu ba. Na gida kuwa, wanda muke ce wa kansil taks, na ƙaramar hukuma ne: kwasar shara, fitilun titi, kula da tsofaffi, har da kason 'yan sanda da 'yan kwana-kwana. Takardarsa kan iso a watan Maris, galibi a biya kashi goma, daga Afrilu zuwa Janairu. Shi ya sa aikena ya fi kauri a Fabrairu, in kun lura.

Ku da kuka ga zamanin haraji da jangali kafin Abubakar Rimi ya soke su a Kano a 1979, za ku fi ni gane asalin maganar. A 1990 Firaministar Birtaniya Margaret Thatcher ta ɗora wa mutanen Ingila harajin kai, attajiri da mai shara kuɗi ɗaya. Aka yi bore a Landan, shekarar ba ta ƙare ba ta bar mulki. A 1993 aka kawo wannan na yanzu, aka kasa gidaje aji takwas, daga A zuwa H, bisa kuɗin da gida zai yi a watan Afrilun 1991. Har yau da wancan tsohon farashi ake aiki. Ga inda gizo ke saƙa: duk girman gidan mutum, ko da fada ce, abin da zai biya bai wuce ninki uku na mai zama a ɗan akurkin aji A ba. Kuma kowace hukuma da nata kuɗin. Mai gida aji D a Westminster ta Landan, tsakiyar masu hannu da shuni, bai biyan rabin na takwaransa a birnin Nottingham.

Akwai wata dattijuwa a layinmu, mijinta ya rasu, ɗan fansho take lallaɓawa. Kullum da rigar sanyi biyu take wuni a falo don kada ta kunna na'urar ɗumama ɗaki. Gidan da ke manne da nata ma'aikata huɗu ne a ciki, ajinsu ɗaya da ita. Rangwamen kashi 25 cikin ɗari kawai ya bambanta su, na mai zaman kaɗaici. Akwai wani sassauci na masu ƙaramin ƙarfi, amma sai an nema, ita kuwa kunya ta hana ta sai da matata ta zauna ta cika mata takardun.

Mu Hausawan nan, duk baƙon da ya sauka, wannan ne karatun farko da muke ba shi bayan ya ci tuwo. In ɗalibi ne, ya karɓo shaidar jami'a, ba ya biya. In ba haka ba, kada ya kuskura ya jefa takardar nan ƙarƙashin katifa, don kotu ake kai mutum.

Bayan sallar Juma'a ba mu rabuwa da gardamar. Wasu su ce a auna da samun mutum, tunda ko zakka ba a fitar wa gidan da ake kwana a ciki. Wasu su ce ai samu ana ɓoye shi, gida kuwa ba ya shiga aljihu, ba ya tsallaka teku. Ni na fi karkata ga na biyun, amma da sharaɗin a sake kimanta gidajen, a kuma cire rufin nan na ninki uku. Gidan da nake ciki ma ba a gina shi ba a 1991, ƙiyasi aka yi masa.

A gaida Inna da yara. Maganin gwiwar yana hannun mai zuwa bayan sallah.