Makaranta za ta kai su ɗana Atomik, in bar shi ya je?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, don Allah shawara nake nema. Ɗana da ke sakandare ya kawo takarda wai in sa hannu za a kai su Kwabenya, inda ake kira Atomik, su ga injin nukiliya, ni kuwa tun jiya gabana ke faɗuwa, maƙwabciyata ta ce iskar wurin tana hana haihuwa, kawunsa kuma ya ce ai daga can za a ba mu wutar da za ta kawo ƙarshen dumso, wato yawan ɗauke wutar nan. Wanne zan ɗauka? Daga wata uwa a Nima, Accra.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana shi. Ki sa hannu ki bar yaron nan ya je, da zuciya ɗaya nake gaya miki.

Abin da ke Kwabenya ba tashar wutar lantarki ba ce, ɗan ƙaramin injin bincike ne da Sin ta ƙera, ya fara aiki tun 1994 a harabar Hukumar Makamashin Atom ta Gana, ƙarfinsa wajen kilowat 30 ne kacal, wato zafin da yake bayarwa kamar na ayan ɗin guga talatin ne in aka jona su lokaci guda, kuma ko ƙwan fitila ɗaya ba ya kunnawa a gari. Aikinsa gwaje-gwaje ne, a kawo ƙasa ko dutse ko abinci a duba abin da ke ciki, sai koyar da ɗalibai. Nkrumah ne ya aza harsashin aikin a 1964, juyin mulkin 1966 ya sa abin ya kwanta shekara da shekaru, kuma ni wannan asarar tana mini ciwo har yau.

Maganar haihuwa kuwa, ki kwantar da hankalinki. Zuciyar injin tana can ƙasa cikin ruwa mai zurfi da kankare kewaye, ruwan nan shi ke tare tururin nukiliyar da ake tsoro, wato radiyeshon. A irin waɗannan wurare ba a barin baƙo ya yi gaban kansa, sai an tura sunaye tun da wuri, a duba katin shaida a get, sau da yawa ma a karɓe waya, ma'aikaci na gaba kuna biye, kuma za ki ga kowannensu da ɗan abin awo maƙale a gaban riga yana lissafa abin da jikinsa ya ɗauka. Mutanen nan kullum can suke wuni, suna da mata da 'ya'ya.

Kawu ya ɗan taɓo gaskiya amma ya haɗa abu biyu. Gana na shirin gina tashar nukiliya ta sosai, sai dai wurin da aka fi so shi ne Nsuban a yankin Yamma, Obotan a yankin Tsakiya kuma na ko-ta-kwana, duk a bakin teku saboda tasha na shan ruwa mai yawa wajen sanyaya. Yadda take aiki ba wani siddabaru, ƙwayoyin wani ma'adini da ake kira yuraniyom ke tsagewa su ba da zafi, zafin ya tafasa ruwa, tururin ruwan ya juya injin, wuta ta fito. A duk Afirka tashar Koeberg ce kawai ke aiki, kusa da Cape Town a Afirka ta Kudu, tun 1984, tana ba da wajen megawat 1,800, madatsar ruwanmu ta Akosombo kuwa 1,020. Masar ma tana kan gina tata a El Dabaa.

Ba zan ce miki babu haɗari a harkar ba, haɗurran tashoshin nukiliya na Chernobyl a 1986 da Fukushima a 2011 sun isa shaida, ga sharar da sai an adana ta shekaru aru-aru, ga tsadar gini. Shi ya sa ma nake so yaranmu na zango su shiga ciki su karanta, kar a yanke komai ba mu da ko mutum ɗaya a ɗakin. Ki ba shi littafi da biro, ya tambaye su ina za a kai sharar in an gina tashar, kuma wane kwas ake yi a samu aiki a wurin.