Canon ko Nikon ga mai fara ɗaukar hoto?

Malam, ka ce kuɗinka kaɗan ne kuma ka rasa wadda za ka saya tsakanin Canon da Nikon. Gaskiya kar sunan kamfani ya ɗauke maka hankali, lens (gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara) shi ne maganar, don jikin kyamara kana iya canza shi bayan shekara biyu uku amma lens ɗin da ka tara su za su ɗaure ka da kamfani ɗaya.

Ni dai Canon zan ce maka, ta hannu, irin su 700D ko 80D, saboda lens ɗin Canon na EF, waɗanda ke hawa kansu, tun 1987 aka fara yinsu, sun cika kasuwa, ga na aro wajen masu hoton biki, kuma in ka koma mirrorless ɗinsu (kyamara marar madubi a ciki) na RF da ya fito 2018 adafta kawai za ka sa tsakanin lens da kyamara su ci gaba da aiki. Fara da lens ɗin 50mm f/1.8, ba tsada, yana ɗaukar hoton mutum da kyau ko da haske ya yi ƙasa.

Nikon ma ba laifi, sai dai kyamararsu D3500 ba ta da injin fokas (mai saita hoto ya fito sarai) a jiki, don haka tsofaffin lens ɗin Nikon na AF-D da hannu za ka riƙa juya su. Kafin ka biya kuɗi a duba maka shutter count (yawan hotunan da kyamarar ta taɓa ɗauka), a kuma leƙa sensa (abin da ke kama hoto a cikin kyamara) ko ƙura ta shiga.