Amsa ga mai tambaya kan bindiga a bakin rumfar zaɓe

Salamu alaikum. Ƙanena, ka tambaya ko ya dace 'yan banga su tsaya da bindigoginsu a bakin rumfar zaɓe in Allah ya sake kawo lokacin, tunda garinku ma bakin iyaka yake. Tun jiya da na karanta hankalina bai kwanta ba, don abin da kake tsoro ni ya riga ya same ni.

Zagaye na biyu ne na zaɓen shugaban ƙasar Nijar, 21 ga Fabrairu 2021. Ni ne shugaban biro, wato rumfar zaɓe, a wani ƙauye cikin yankin Madarumfa, a ajin lakwal muka aza akwati. Wajen horon da hukumar zaɓe CENI ta ba mu an faɗa mana ƙarara: ba mai shiga ɗakin zaɓe da makami, jandarma kansa sai shugaban biro ya kira shi. Da hantsi layin mata ya kai har gindin dogonyaro. Sai ga yaron wani mai kuɗi na garin, harba-ruga rataye a kafaɗa, mutum biyu na biye da shi. Bai zagi kowa ba, bai ɗaga murya ba. Ya jingina da ƙofa yana bin fuskokin mutane da kallo, ɗaya bayan ɗaya.

Yaron nan fa ni na koya masa riƙe alli. Na fita na ce masa ya matsa, ya dube ni ya ce, "Malam, tsaro muke ba ku." Ko gezau bai yi ba. Wallahi gwiwoyina rawa suke, ga wakilan jam'iyyu sun zuba mini ido, kowa ya yi shiru. Wata tsohuwa da ta zo dab da ƙofa katinta ya suɓuce ya faɗi, ta duƙa ta ɗauka, ta ƙulle a bakin zane, ta juya. Daga ita sai mata suka fara zarewa da bibbiyu, wai za su duba tukunya. Ba su dawo ba. Na ɗauko waya, babu rezo. Na aika a kira maigari, bai iso ba sai bayan azahar. Har yau in na tuna yadda yaron ya ce "Malam" ɗin nan raina ɓaci yake, shi da wanda ya turo shi.

Ba wai ban san haɗari ba. A daren ranar muka ji a rediyo nakiya ta tashi da motar ma'aikatan CENI a Dargol, jihar Tillaberi, mutum bakwai suka rasu. Mu nan kuma kowa ya san abin da ke fitowa daga dajin Baban Rafi. 'Yan banga sun ƙwato mana shanu, ba zan yi musu butulci ba. Amma ɓarawo ta daji yake zuwa, to can bakin gari ya kamata su tsaya, kan hanyar da suka sani. Jandarma baƙo ne, gobe ya tafi. Ɗan banga kuwa ya san gidanka, ya san matarka, kowa kuma ya san wa ya saya masa harsashi. Ta yaya mace za ta shiga bayan labule da natsuwa?

Kada ka bari sai ranar. Ka samu maigari da liman tun da sauran makonni, a faɗa a masallacin Juma'a, a nuna wurin da bindiga ba za ta wuce ba, ko katangar lakwal ce. Har adda da gora a haɗa. Yaran nan ma wasunsu ƙwaya suke sha, wannan ita ce babbar damuwata, iyaye sun gani sun kawar da kai.

Kuma in abu ya faru ka rubuta shi a takardar sakamako, akwai gurbin ƙorafi. Ni ban rubuta ba. Tsoro na ji, don a garin zan kwana. Na sa hannu kamar komai lafiya, abin yana cina har yanzu. Ka karɓi lambar shugaban jandarmomin yankinku, kuma tun ana gobe zaɓe ka zagaya lakwal ɗin da wayarka ka gano inda rezo yake kamawa.