Diyya bayan banki ya toshe asusu saboda binciken damfara

Malam, ka ce bankinka ya hana ka cire kuɗi na tsawon makonni uku da sunan binciken damfara, har ciniki ya kuɓuce maka, kuma kana son sanin ko akwai diyya.

Hanya tana nan, amma toshewar kaɗai ba ta wajabta diyya, domin doka ta ɗora wa bankunan Najeriya sa ido kan hada-hadar da ake zargi. Abin da ake dubawa shi ne ko an bi ƙa'ida. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta ba hukumomi irin EFCC damar dakatar da asusu na awa 72 ne kawai, bayan nan sai da umarnin kotu. Saboda haka ka nemi bankin ya bayyana maka a rubuce wanda ya ba da umarnin.

Ka shigar da ƙorafi a rubuce a bankinka, ka karɓi lambar ƙorafin. Idan mako biyu ya wuce ba a warware ba, ka kai shi sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya.

Kuskuren da na fi gani, kuma yana ba ni takaici, shi ne dogaro da maganar baki a reshe ba tare da adana rasit ko shaidar asarar ba. Kada kuma ka ba kowa kuɗi don ya buɗe maka ta bayan fage. Idan asarar tana da yawa ko an ambaci umarnin kotu, ka nemi lauya tun yanzu.